Gyaran Kebul ɗin Faiba da Ƙaramin Kasafi: Nazarin Lamarin Wani Asibitin Al'umma

## Asibitin da layin da ya dogara da shi

Asibitin da wannan nazari ya shafa mallakar wata ƙungiyar al'umma ne a wani babban gari na arewa maso yammacin Najeriya, kuma yana gudanar da ayyukansa da ɗan abin da marasa lafiya ke biya da gudummawar masu hali. Yana da haraba biyu. A tsohuwar harabar ake da ofishin kati, da wurin bayar da magani, da ɗakin da aka ajiye babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya. A sabuwar kuma, wadda aka gina daga baya a kan filin da wani bawan Allah ya bayar, ake da ɗakin haihuwa da ɗakin gwajin jini da na ɗaukar hoton ciki. Duk sakamakon gwajin da aka yi a sabuwar haraba sai ya isa babbar kwamfutar kafin likitan da ke tsohuwar haraba ya gan shi.

A shekarar 2019 aka haɗa wuraren biyu da kebul ɗin faiba mai tsawon kilomita 1.6, aka binne shi a gefen titin unguwa. Kebul ne mai sulken ƙarfe, ɗauke da zaren gilashi 12 na nau'in G.652.D, wanda shi ne kamfanonin sadarwa suka fi shimfiɗawa. Kaurin gilashin kowane zare maikiromita 125 ne, kusan kaurin gashin kai, amma hasken da ke ɗauke da saƙo yana bi ne ta tsakiyarsa kaɗai, wadda faɗinta bai wuce maikiromita 9 ba. Saboda wannan ƙanƙanta, ƙwayar ƙura ɗaya ko 'yar karkata wajen yanka ta isa ta tare wani kaso na hasken a duk inda aka haɗa zare biyu.

Zare biyu kawai ake amfani da su cikin 12, wato shuɗi da ruwan lemo, waɗanda su ne na farko da na biyu a jerin launukan da aka saba bi. Ɗaya yana kai saƙo, ɗaya yana dawo da shi. A kowane ɓangare akwai ƙaramar na'urar haske ta SFP mai gudun gigabit 1 a daƙiƙa, wadda aka ƙera don tafiyar da ta kai kilomita 10, tana fitar da haske mai zangon nanomita 1310. Ƙarfin hasken da take fitarwa kimanin -6 dBm ne (dBm ma'aunin ƙarfin haske ne, kuma yadda lambar ta ƙara nisa ƙasa da sifili haka hasken yake ƙara rauni), ita kuma takwararta a ɗaya ɓangaren tana iya fahimtar saƙo matuƙar hasken da ya iso mata bai yi ƙasa da kimanin -19 dBm ba. Tsakanin waɗannan lambobi biyu ne rayuwar layin take.

An binne kebul ɗin kai tsaye cikin ƙasa ba tare da bututu ba, kuma a wasu wurare zurfinsa bai kai rabin mita ba. Ba a shimfiɗa ledar gargaɗi a samansa ba, ba a kafa alama a kan hanya ba, kuma asibitin bai karɓi taswirar inda aka bi da shi ba, balle takardar awon hasken da aka yi ranar da aka miƙa aikin. Layin ya yi shekara biyar yana aiki ba tare da wani ya sake waiwayarsa ba.

## Mako na biyu na Yulin 2024: yankewar layi

Da hantsin wata ranar aiki kwamfutocin sabuwar haraba suka daina ganin babbar kwamfutar. Ma'aikata sun fara ɗauka cewa matsalar daga kamfanin intanet ce, domin ba su manta da abin da ya faru ranar 14 ga Maris na shekarar ba, lokacin da manyan kebul na ƙarƙashin teku suka lalace a yankin gabar Kodebuwa, intanet ya yi rauni a Najeriya da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Sai dai a wannan karon intanet yana aiki lafiya a tsohuwar haraba. Ma'aikacin kwamfuta ɗaya tilo da asibitin ke da shi ya shafe yinin yana kashe na'urori yana kunnawa, yana sauya gajerun wayoyin da ke cikin akwatin na'urori, har ya musanya na'urorin SFP da wasu na ajiya, amma fitilar da ke nuna haɗuwar layi ba ta kama ba.

Washegari wani mai gadi ya kawo labarin cewa ya ga baƙar waya tana reto a cikin ramin da masu aikin magudanar ruwa ke haƙawa da katafila, kimanin mita 900 daga tsohuwar haraba. Da aka je sai aka tarar kebul ɗin ya rabu gida biyu, sulken ƙarfen ya yamutse, bakin kowane ɓangare kuma yana kwance cikin taɓo.

Daga wannan rana aiki ya koma takarda. Ana rubuta sakamakon gwaji da hannu, wani masinja ya ɗauka a babur ya kai wa likita, da yamma kuma a zauna a shigar da su kwamfuta. Abin da ya fi damun shugabar masu jinya shi ne matan da aka kawo ɗakin haihuwa cikin dare, waɗanda bayanan awon cikinsu suke a ɗaya harabar, ba kuma masinja a wannan lokaci.

## Sauran makon: farashi uku a gaban kwamiti

Kwamitin gudanarwa ya nemi farashi daga wurare uku. Wani kamfani ya ce a shimfiɗa sabon layi gaba ɗaya cikin bututu, kuɗin kuwa ya zarce abin da asibitin ke warewa gyare-gyare na shekara guda. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kayan irin wannan aiki, waɗanda kusan duk daga waje ake shigo da su, suka yi tsada ƙwarai. Wani ƙwararren mai haɗa faiba ya ce zai zo da na'urar awo ta OTDR ya duba layin daga farko har ƙarshe kafin ya faɗi abin da za a sauya, kuma ya ƙiyasta aikin duka da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin sabon layi. Na uku wani matashi ne mai saka kyamarorin tsaro da intanet na gida, wanda ya ce zai dawo da layin a yini ɗaya da kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ƙwararren ya nema ba. Kwamitin ya zaɓi na ukun, bisa hujjar cewa inda kebul ya yanke a bayyane yake, don haka babu dalilin biyan kuɗin neman abin da ido ya riga ya gani.

## Mako na uku na Yuli: gyara na farko

Tun da bakin kebul ɗin biyu ba za su iya haɗuwa ba bayan an datse inda ya yamutse, matashin ya sayo mita 5 na siririyar wayar faiba mai zare biyu, irin wadda ake shigarwa gidaje, ya sa ta a tsakani. Ya yi amfani da mahaɗan hannu, wato 'yan ƙananan na'urorin roba da ake cusa zare biyu a ciki su fuskanci juna, da wani ruwa mai kauri a tsakaninsu da ke taimaka wa haske ya ƙetare. Irin waɗannan mahaɗa halal ne a wannan sana'a, kuma idan an yanke zaren daidai, aka tsaftace shi, asarar hasken da suke jawowa kan tsaya ƙasa da rabin disibel, wato ma'aunin da ake auna raguwar haske da shi.

Mayankin zaren da ya zo da shi ya riga ya dakushe, alhali ana buƙatar fuskar zaren ta fita a miƙe, karkatarta ba ta kai digiri ɗaya ba. Wajen tsaftacewa kuma ya karɓi sifirit ɗin goge fata daga ɗakin allura, wanda akwai ruwa da yawa a cikinsa kuma yakan bar saura a kan gilashi, maimakon sinadarin isofurofil mai tsarkin kashi 99 cikin ɗari da ake amfani da shi a wannan aiki. Da ya gama sai ya naɗe mahaɗan da salatif, ya sa su cikin akwatin robar da masu aikin lantarki ke kafawa a bango, ya liƙe bakinsa da gam, aka mayar da ƙasa. Sauran zare 10 an bar su a yanke.

Layin ya dawo a yammacin ranar. Ma'aikacin kwamfuta ya duba abin da na'urar SFP ke nunawa, ya ga hasken da ke isowa ta shuɗin zare -16 dBm ne, ya rubuta a littafinsa. Wannan lamba tana nufin hasken yana asarar disibel 10 a hanya, kuma disibel 3 kacal suka rage kafin layin ya mutu, amma a lokacin babu wata tsohuwar lamba da za a kwatanta ta da ita.

Bayan kwana tara hotunan ciki suka fara jinkirin buɗewa, awon ya sauka zuwa -18. A ƙarshen watan aka yi ruwa mai ƙarfi cikin dare, da safe awon ya nuna -22, layin ya sake mutuwa. Da aka tone akwatin an same shi cike da ruwa da laka, ƙasar da ta zauna ta danna shi har ta ja zaren, ɗaya daga cikin mahaɗan kuma ya buɗe. Gilashin da aka fere wa rigarsa yakan yi rauni idan ya daɗe cikin danshi yana ɗauke da nauyi, saboda haka ko da mahaɗin bai buɗe ba, zaren ba zai kai ƙarshen damina ba.

## Farkon Agusta: gwajin rediyo

Wani mai goyon bayan asibitin ya bayar da aron rediyo biyu masu haɗa gini da gini a kan zangon gigahaz 5. Nisan wuraren biyu a miƙe kimanin kilomita 1.2 ne, wanda ba komai ba ne ga irin wannan rediyo, amma yana buƙatar sarari na kusan mita 4 kewaye da layin da ke tsakanin eriya biyu a tsakiyar hanya. Akwai bene mai hawa biyu da jerin itatuwan darbejiya a tsakani, sandunan da aka kafa kuma gajeru ne. Rubutattun bayanai suna wucewa da ƙyar, hotuna ba sa wucewa, kuma duk sanda iska ta kaɗa itatuwan sai layin ya katse. An bar shi a haka domin ya rage wa masinja zirga-zirga.

## Tsakiyar Agusta: gyara na biyu

A wannan karon kwamitin ya amince cewa sai an narka zaren an haɗa. Na'urar da ke wannan aiki tana daidaita bakin zare biyu a ƙarƙashin kyamara, sannan ta narka su da tartsatsin lantarki su zama abu ɗaya, kuma haɗin da ya yi kyau asararsa ba ta kai disibel 0.1 ba. Aka ɗauko wani mai irin wannan na'ura na rabin yini, aka sayi mita 8 na kebul mai zare 12 da akwatunan haɗi biyu masu hana ruwa shiga. Don a rage kuɗi, ba a haɗa da awon OTDR ba. Ya haɗa dukkan zaren a ɓangarori biyu, kuma allon na'urarsa ya riƙa nuna asarar disibel 0.02 zuwa 0.05 a kowane haɗi, abin da ya kwantar wa kowa hankali.

Layin ya dawo da -13.5 dBm. Da aka haska jan hasken gwaji cikin sauran zaren, sai aka ga biyar daga cikin 12 ba sa fitar da komai a ɗaya ɓangaren. Mai na'urar ya tsaya a kan cewa aikinsa ba shi da aibi, kuma daga baya ta tabbata gaskiya ya faɗa. Abin lura a nan shi ne lambar da na'urar narka zare ke nunawa ƙiyasi ce da take yi daga hoton haɗin, ba ta aika haske ta auna ba, kuma ba ta san komai game da abin da ke faruwa mita ɗaya gaba da inda take aiki ba.

Ma'aikacin kwamfuta ya zauna ya yi lissafi mai sauƙi da ya sauya alkiblar lamarin. Irin wannan zare yana asarar kimanin disibel 0.35 a kowace kilomita a zangon 1310, wato ƙasa da 0.6 a tsawon layin duka. Idan aka ƙara mahaɗan da ke bakin na'urori a ɓangarori biyu da sababbin haɗe-haɗen, jimillar ba za ta kai disibel 2 ba, ke nan kamata ya yi a ga kusan -8. Tsakanin wannan da -13.5 akwai sama da disibel 5 da suka ɓace a wani wuri da ba a sani ba. Shugaban kwamitin ya so a rufe ramin tun da layi yana aiki, amma ma'aikacin ya roƙi a ba shi mako guda yana rubuta awon safe da yamma. Kafin makon ya cika lambar ta gangara zuwa -14.8. Da ya kai littafin gaban kwamiti, aka amince a kira ƙwararren nan da aka ƙi farashinsa a watan Yuli.

## Ƙarshen Agusta: abin da awo ya nuna

Na'urar OTDR tana harba gajeren haske cikin zare, ta auna ɗan abin da ke dawowa da lokacin da ya ɗauka, daga nan ta zana yadda hasken ke raguwa a tsawon hanya, ta nuna nisan duk inda ya faɗi farat ɗaya. Ƙwararren ya fara haɗa nadin zaren gwaji mai tsawon mita 500 tsakanin na'urar da layin, domin na'urar ba ta ganin abin da ke dab da bakinta. Harbin farko da ya yi da dogon haske ya nuna matsala guda ɗaya a wajen mita 900, daidai inda kowa ya sani. Sai ya rage tsawon harbin zuwa nanodaƙiƙa 10, domin gajeren harbi ne ke iya bambance matsaloli biyu da ke kusa da juna, nan take abin da ya yi kama da matsala ɗaya ya rabu uku. Biyu daga ciki su ne haɗe-haɗen Agusta, kuma dukkansu lafiya suke. Ta ukun tana mita 23 kafin a kai gare su, ta ɓangaren tsohuwar haraba, a wurin da ba a taɓa tonewa ba.

A wannan wuri shuɗin zare yana asarar disibel 5.4 a zangon 1310, amma da aka sake awon a zangon 1550 asarar ta kusa ninkawa. Wannan bambanci ne ya bayyana irin matsalar tun kafin a ɗaga shebur, domin haɗin da bai yi kyau ba yakan nuna asara kusan iri ɗaya a zango biyun, shi kuwa lanƙwasa ya fi cin haske mai dogon zango. Zare biyar ɗin da suka mutu kuma duk a wannan nisa suka ƙare.

Gano wurin a ƙasa ya buƙaci kulawa ta daban. Nisan da na'urar ke faɗa na zaren gilashi ne, wanda ya ɗan fi kebul ɗin tsawo saboda yadda yake kwance sako-sako a ciki, kuma akwai rarar kebul da aka naɗe a ɗakin na'urori tun 2019. Da an auna daga bakin asibiti da tef, da an yi haƙa a wurin da ba shi ba. Ƙwararren ya auna ne daga akwatin haɗin Agusta ya koma baya, yana duba lambobin mita da masana'anta ke bugawa a jikin kebul. Aka tone da hannu, a hankali, sai ga kebul ɗin a matse da kusurwar siminti ta wata tsohuwar kwalbati, ya lanƙwashe sosai har sulken ya tsage. Lokacin da haƙorin katafila ya kama kebul ɗin, ya ja shi da ƙarfi kafin ya tsinke, kusurwar kwalbatin kuma ita ce ta tare jan. Ƙasar da ruwan sama ke ƙara dannawa a kai ita ce dalilin da awon ke ta gangarawa.

## Makon farko na Satumba: gyara na uku

An yanke shawarar cire kimanin mita 40 na tsohon kebul, daga mita 10 kafin kwalbatin har zuwa bayan inda aka fara yankewa, tare da guntun da aka saka a Agusta, domin kada layin ya tashi da akwatunan haɗi uku ko huɗu a jere. Aka samo ragowar nadi mai mita 60 na nau'in G.652.D mai zare 12 daga hannun wani ɗan kwangilar sadarwa da ya gama wani aiki, da rahusa mai yawa. Ƙwararren bai yarda a biya ba sai da ya auna dukkan zaren 12 tun kebul ɗin yana kan nadinsa.

Akwatunan haɗi biyu na Agusta an buɗe su, an tsaftace, an sake amfani da su, robobin da ke toshe bakinsu kawai aka saya sababbi. Matasan unguwa ne suka haƙa ramin da hannu zuwa zurfin kusan mita ɗaya, bayan mai unguwa ya yi musu magana, asibitin kuma ya biya su kuɗin yini. Aka zuba yashi a ƙasa, aka zura kebul ɗin cikin bututun roba mai kauri, aka kauce wa kusurwar kwalbatin da lanƙwasa mai faɗi, domin ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada lanƙwasar kebul ta matse fiye da ninki 20 na kaurinsa lokacin ja, ko ninki 10 bayan ya kwanta. Aka shimfiɗa ledar gargaɗi santimita 30 a saman bututun. Wani magini na unguwar ya gina ramukan dubawa biyu da bulo, masu murfin siminti, aka ajiye akwatin haɗi a kowanne tare da rarar kebul mita 10 a naɗe, ta yadda nan gaba za a iya fito da akwatin sama a yi aiki a kan tebur.

An tattauna ko a haɗa zare huɗu kawai don a rage kuɗi. Ƙwararren ya nuna cewa yawancin kuɗinsa na zuwa da na'urori ne da buɗe kebul, ƙarin zare takwas kuwa 'yan sa'o'i ne da 'yan robobin kariya, don haka aka haɗa duka, haɗi 24 ke nan. Ya yi aikin a bayan mota an rufe ƙofofi saboda iska da ƙura, ya kuma haɗa sulken ƙarfen ɓangarorin da waya a cikin kowane akwati. Gutsattsarin gilashin da ke fita wajen yanka yana shiga fata ba a gan shi ba, sai aka kawo masa kwalin zubar da allurai daga ɗakin jinya yana tarawa a ciki. An kuma kashe na'urorin SFP duk tsawon aikin, saboda hasken 1310 ido ba ya ganinsa amma bai dace a leƙa shi ba.

Bayan an gama aka auna kowane zare daga ɓangarori biyu aka ɗauki matsakaici, domin awon ɓangare ɗaya kan iya nuna haɗi ya fi yadda yake kyau ko muni idan zaren biyu ba daga masana'anta ɗaya suke ba. Haɗi biyu sun wuce disibel 0.1, aka karya su aka sake. Awon farko a bakin na'ura ya nuna -8.7, da aka goge bakin gajeriyar wayar da ke ɗakin na'urori sai ya koma -7.9 dBm. Dukkan zare 12 sun rayu.

## Daga Oktoba 2024 zuwa daminar 2025

Neman diyya daga ɗan kwangilar magudanar ruwa bai yi nisa ba. Ya kafa hujja da cewa babu alama a ƙasa, babu taswira, kuma asibitin bai iya fito da takardar izinin bi ta gefen titi ba. Batun wannan izini tsohon zance ne a Najeriya: tun 2013 aka cimma matsaya a kan naira 145 a kowace mita, gwamnoni suka sake jaddada ta a 2020, har Jihar Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya a shekarar. A 2024 gwamnatin tarayya ta fitar da umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da ake karewa, amma kwamitin ya ga ba shi da takardun da zai tsaya da su a gaban kowa. Da sa bakin mai unguwa, ɗan kwangilar ya bayar da siminti da bulon ramukan dubawa, aka rufe maganar a nan.

Asibitin ya karɓi zanen awon kowane zare daga ƙwararren, ya ajiye a kwamfuta da kuma a takarda. Ma'aikacin kwamfuta ya bi hanyar layin a ƙafa yana ɗaukar lambobin wuri da wayarsa, aka zana taswira, aka miƙa kwafi ga sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, aka kuma kafa 'yan ginshiƙan siminti a kan hanya. An ƙara wa rediyon aron nan tsawon sanda, mai shi ya bar wa asibitin, ya zama madogara idan layi ya sake samun matsala. Awon wata-wata ya tsaya tsakanin -7.9 da -8.1 cikin hunturu da bazara, kuma da aka buɗe ramukan dubawa bayan ruwan Agustan 2025, an sami ruwa a ƙasan rami ɗaya amma cikin akwatin haɗin a bushe yake.

## Hukunci

Gyara na uku, tare da awon da ya gabace shi, ya ci kimanin kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin sabon layi, wato abin da ƙwararren ya faɗa tun a Yuli. Gyara biyun farko, da man babur, da kuɗin ƙarin lokacin masu shigar da bayanai, sun haɗu sun kai kusan rabin wannan adadi, kuma asibitin ya yi kusan wata biyu yana aiki cikin ƙunci.

Ƙin shimfiɗa sabon layi daidai ne, domin mita 40 ne suka lalace cikin 1,600. Inda aka kauce shi ne ɗaukar cewa inda kebul ya tsinke nan ne kaɗai ya ji ciwo. Kebul ɗin da injin haƙa ya tsinka jan sa aka yi, kuma ƙarfin jan yana tafiya cikinsa har sai ya sami abin da zai tare shi, saboda haka duk gyaran da aka yi a bakin yankan kawai caca ce. Wannan ne ya sa gyara na biyu, wanda aka yi da na'ura mai kyau da hannu mai kyau, bai warware matsalar ba. Na farkon kuwa, a ganina, laifinsa bai rataya a kan mahaɗan hannu ba. Da an ɗauke shi a matsayin matakin kwana biyu ko uku, aka ɗaga akwatin sama daga taɓo har ƙwararre ya iso, da ya yi amfani sosai ga matan da ke ɗakin haihuwa. Binne shi cikin damina a akwatin bango shi ne ya mayar da shi asara.

Rangwamen da ya yi amfani duk ya fito ne daga abubuwan da ba sa taɓa hasken: hayar na'urori maimakon saye, ragowar kebul da aka auna kafin a biya, sake amfani da akwatunan haɗi, haƙa da hannu, da maginin unguwa. Wanda ya jawo asara kuma ya fito ne daga awo, da yankan zare, da tsafta, da toshe ruwa. Ya kamata a yaba wa ma'aikacin kwamfutar, domin littafin awonsa da lissafin da ya yi a Agusta, waɗanda ba su ci ko kwabo ba, su ne suka hana a rufe rami a kan kebul ɗin da ke mutuwa a hankali.

Haɗarin bai gushe ba, tun da sama da kilomita 1.5 na layin har yanzu yana kwance ba bututu, kuma ba zurfi a wasu wurare. Kwamitin ya tsara sauke shi ƙasa kashi-kashi daga kasafin kowace shekara, za a fara da mita 200 da suka bi ta gaban kasuwar unguwa, inda ake yawan haƙa ramin rumfa da na bututun ruwa.